Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Yadda Jiragen Feshi Ke Karyewa a Ƙarshen Fili

Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, manomin shinkafa a gabashin jihar Akansas ta Amurka ba shi da zance sai na taki. So yake a watsa masa yuriya tun ƙasa tana bushe, ya sako ruwa nan da nan ya shafe gonar, don idan takin ya daɗe a fili amfaninsa bin iska yake yi. Maƙwabcinsa ma haka, na gaba da shi ma haka, duk a mako guda. Wanda ake jira kuwa mutum ɗaya ne a cikin jirgi mai inji ɗaya. Tun asuba yake tashi yana sauka a kan wani siririn fili da aka share a gefen gona, wani na ƙasa, wani na ciyawa, wani an ɗan barbaɗa masa tsakuwa. Idan ka tsaya a farkon filin ka miƙa ido, abin da za ka hango a ƙarshensa shi ne magudanar ruwa, ko tudun ƙasar da ke tare ruwan shinkafa, ko shinge, ko jerin itatuwa da wayar lantarki a bayansu.

Da safe jirgin yakan ɗaga tun da sauran fili a gabansa. Ana zuba masa lodi injin yana aiki, matuƙi ya juya ya ba shi wuta, ya tafi. Sawu na biyar haka, na goma haka. Wajen azahar rana ta take, 'yar iskar da ke busowa ta gaba ta kwanta, ko ta juya tana turo shi ta baya ba wanda ya lura. Lodin shi ne dai na ɗazu, filin shi ne, mutumin ma shi ne. Amma a wannan sawun jirgin ya iso inda ya saba rabuwa da ƙasa, ya wuce, tayoyinsa suna nan manne. Matuƙin ya ce a ransa bari ya ɗan ƙara masa. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Da ya tabbata ba tashi zai yi ba, ya janye wuta ya taka birki, sai dai ɗan filin da ya rage bai isa tsayar da tan shida ko bakwai ba. Jirgin ya zarce, ƙafa ta faɗa magudana ta karye, hanci ya caki ƙasa, wani lokacin ya yi adungure ya kwanta rigingine.

Duk wanda ya saba karanta rahotannin haɗurran jiragen feshi ya san wannan labari, sunan wuri da samfurin jirgi ne kawai ke sauyawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fasa tashi shawara ce mai kyau, ita ce ma ke ceton rai idan aka yanke ta da wuri. A waɗannan haɗurra an yanke ta ne bayan lokacinta ya wuce da 'yan daƙiƙu. Kuma mutum ba ya iya auna waɗannan daƙiƙu yana cikin gudu. Sai dai ya auna su tun yana tsaye.

Tarakta mai fiffike

Feshi da jirgi ya haura shekara ɗari. A ranar 3 ga Agusta 1921 wani hafsan sojan Amurka, Laftana John Macready, ya tashi da jirgi samfurin Curtiss Jenny ya watsa garin guba a kan wata gonar itatuwa kusa da garin Troy na jihar Ohayo, inda tsutsa ke cinye ganye. Aka ga abin ya yi aiki. A 1925 kamfanin Huff Daland Dusters ya zauna a Monroe ta jihar Luwiziyana yana yaƙi da ƙwaron auduga, kuma daga shi ne Delta Air Lines ya samo asali, wanda yau yake cikin manyan kamfanonin jiragen fasinja na duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta sayen tsofaffin jiragen koyon tuƙi na soja, musamman Stearman, ana cire kujerar gaba a dasa tanki. Daga baya aka shiga ƙera jiragen da tun daga zanensu don gona aka yi su, irin su Ag Cat na Grumman da ya fara tashi a 1957, da Pawnee na Piper da ya shiga kasuwa a 1959. Leland Snow, wanda ya kafa masana'antarsa a ƙaramin garin Olney na Teksas, shi ya zana jirgin da ya zama Thrush, sannan ya kafa Air Tractor.

Jirgin feshi ɗan dako ne. Tankin Pawnee galan 150 yake ci, wajen lita 570. Na Air Tractor AT-802 kuwa galan 800 ne, fiye da lita 3,000. Shi AT-802 idan ba kaya nauyinsa wajen tan uku ne, amma an amince ya tashi da nauyin kilo 7,257, ke nan abin da yake ɗauka ya fi shi kansa nauyi. Matuƙin jirgin fasinja yakan tashi 'yan lokuta a yini, daga kwalta mai tsawon kilomita biyu ko uku wadda aka auna aka rubuta. Matuƙin feshi idan aiki ya kankama yakan tashi sau gomomi a yini, kusan kowane sawu da cikakken lodi, daga filin da sau da yawa ba wanda ya taɓa sa masa awo.

Shi kansa lodin yana da yaudara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma takin ruwa mai naitirojin da ake kira UAN yakan kai kilo 1.3 a kowace lita. Mai lodi ya cika tanki zuwa layin da ya saba, idonsa ya ga daidai, nauyi kuwa ya ƙaru da kusan sulusi. Idan aka haɗa da tankin man da aka cika yanzu-yanzu, sawun da ya biyo bayan shan mai ya fi na gabansa nauyi ko da magani iri ɗaya aka zuba.

Idan iska ta tsinke

Iska tana da kauri, kamar kunu. Da sanyin safiya takan yi kauri, fiffike ya sami abin riƙewa, farfela ta sami abin ja, inji ya shaƙi isasshe. Idan rana ta yi zafi sai ta tsinke. Jirgin yana buƙatar ya yi gudu fiye da na ɗazu a kan ƙasa kafin fiffiken ya ɗauki nauyin, a daidai lokacin da injin da farfelar suka rage ƙarfin da za su kai shi wannan gudun. Tsayin wuri daga teku ma haka yake yi, ga raɓa da laimar iska suna ƙara nasu.

Hukumar kula da jiragen sama ta Birtaniya tana da wata 'yar takardar gargaɗi ga matuƙan ƙananan jirage, inda ta sa wa waɗannan abubuwa alƙaluma. Ba don jiragen feshi aka rubuta ta ba, amma halin iska ɗaya ne ga kowa. Ƙarin nauyi na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara tsawon filin da ake buƙata da kashi 20. Ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara kashi 10. Busasshiyar ciyawa kashi 20, jiƙaƙƙiya kashi 30, ƙasa mai laushi kashi 25 ko fiye. Iskar baya wadda ƙarfinta bai wuce ɗaya cikin goma na gudun tashin jirgin ba, ita ma kashi 20. Kuma ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi da juna.

A ɗauka littafin jirgi ya ce mita 500 sun ishe shi a kan kwalta. Ƙarin nauyin nan ya mayar da su 600. Zafin rana ya kai su 660. Ciyawar da yayyafi ya jiƙa ta kai su kusan 860. 'Yar iskar baya ta haura da su mita 1,000. Fili ya ninka, alhali a cikin huɗun nan ba wanda zai ɗaga wa mutum hankali idan shi kaɗai ya zo. Ga jirgin da ke tashi a gudun kilomita 120 a awa, iskar bayan da ake magana ba ta wuce kilomita 12 a awa ba, irin wadda ke kaɗa riga a kan igiyar shanya. Ni a ganina nan ne asalin haɗarin yake. Ba a ganin zuwansa. Kowane sawu yana cin 'yan mitoci fiye da na baya, matuƙi yana sabawa da ganin shingen ya ɗan matso, har ya zuwa sawun da mitocin suka ƙare.

Layin da ba a shata ba

A babban jirgin fasinja, tun kafin a rufe ƙofa an riga an lissafa wani gudu da matuƙa ke kira V1. An yi lissafin ne da nauyin jirgin na wannan rana, da zafi, da iska, da tsawon titi, da jiƙewarsa ko bushewarsa. Kafin a kai wannan gudu ana iya fasawa a tsaya cikin titi. Da an kai shi sai a ambata shi da ƙarfi a cikin ɗakin tuƙi, kyaftin ya ɗauke hannunsa daga kan sandar wuta, alamar ba sauran zancen tsayawa, ko da inji ɗaya ya mutu ɗayan zai ɗaga su. An ɗauke wa mutum nauyin tunani a lokacin da ba ya da sararin yin tunani.

Matuƙin feshi ba shi da wannan gata. Ba mataimaki a gefensa, ba hasumiya mai faɗa masa iska ta juya, ba inji na biyu. Abin da malaman tuƙi ke ba shi a madadi wata 'yar ƙa'ida ce da hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ma take yaɗawa: idan ka cinye rabin fili ba ka kai kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, ka fasa. Dalilin kashi 70 ba 50 ba shi ne gudu ba ya ƙaruwa daidai da tazara. Jirgi yakan tara mafi yawan gudunsa a rabin farko, don a rabi na biyu yana cinye ƙasa da sauri, lokacin ƙara gudu ya yi masa kaɗan. Wanda yake buƙatar kilomita 120 a awa ya kamata ya ga 84 a ma'auninsa a tsakiyar fili.

Ƙa'idar tana da amfani, sai dai kada a ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Abin da take faɗa kawai shi ne jirgin zai rabu da ƙasa a daidai ƙarshen fili. Ba ta yi alƙawarin zai haye itatuwan da ke gaba ba, shi ya sa wasu malamai ke cewa idan akwai shamaki a gaba a nemi wannan gudun tun a kashi ɗaya cikin uku na filin. Kuma a kan laka ko doguwar ciyawa jirgi yakan kai wani gudu ya cije a nan, ya ƙi ƙaruwa. Babban alfanunta shi ne tana tilasta wa mutum ya zaɓi wuri, wata ganga, wata ƙofar gona, wani lanƙwason tudu, ya ce da kansa tun kafin ya saki birki: idan na iso nan wutsiya ba ta ɗaga ba, ko allura ba ta kai kaza ba, zance ya ƙare. A gudun kilomita 120 a awa jirgi yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na wasi-wasi mita ɗari ne, tsawon filin ƙwallo.

Birki, ko zubarwa, ko ci gaba

Tsayawar ma ba sauƙi gare ta ba. Mafi yawan jiragen feshi manyan tayoyinsu biyu suna gaba, ƙarama ɗaya tana can ƙarƙashin wutsiya. Wannan tsari ya dace da filin karkara mai gargada, yana kuma nesanta farfela da ƙasa. Amma cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin. Idan aka taka birki da ƙarfi wutsiya a sama, jirgin yakan kifa ta hanci. Idan kuma ya ɗan karkace, taya ɗaya ta kama ɗaya ta sulɓe, sai nauyin da ke baya ya nemi wuce na gaba, jirgin ya wulwula a wuri ɗaya, ƙafa ta lanƙwashe, bakin fiffike ya daki ƙasa. Duk wanda ya taɓa tura baro cike da yashi a gangare ya san yadda kaya ke ƙwace wa mutum. Ga shi ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, kuma ciyawar da ta hana jirgin gudu ɗazu, idan jiƙaƙƙiya ce, ita ce za ta hana tayoyin kamawa yanzu. Jiragen zamani masu injin tabain, irin PT6A na Pratt & Whitney Canada, suna iya juya fuskar farfela ta tura iska gaba, abin da ke taimaka wa birki ƙwarai. Tsofaffi masu injin fistin galibinsu ba su da wannan.

Akwai kuma wata mafita da matuƙin feshi yake da ita wadda sauran matuƙa ba su da ita. A gefensa akwai hannun ƙarfe wanda idan ya tura shi ƙofar da ke ƙarƙashin tanki takan buɗe gaba ɗaya, lodi ya zube. A cikin 'yan daƙiƙu jirgin da ke nishi ya koma kusan rabin nauyinsa ya yi sama. A ƙasar Niyu Zilan, inda tun ƙarshen shekarun 1940 ake watsa taki da jirgi a kan tsaunukan kiwon tumaki, doka ta yarda a ɗora wa jirgin gona fiye da nauyinsa na asali, amma da sharaɗin ya iya zubar da kashi 80 cikin ɗari na lodinsa cikin daƙiƙa biyar. Filayen tashinsu da yawa a jikin tudu suke, ana sauka ana hawa, ana tashi ana gangarawa, ƙarshensu kuma rami ne. Wanda ya fara gangarawa da cikakken lodi a irin wannan fili, bayan 'yar tazara birki ya daina zama mafita, sai zubarwa. Can ne kuma aka fi sanin matsalar lodin da ke maƙalewa: farar ƙasar gyaran gona idan ta sha laima takan dunƙule a cikin tanki, matuƙi ya tura hannun har ƙarshe, ba abin da ya fito.

Zubarwa ma tana da nata lokacin. Ruwa ya fi garin taki saurin fita, amma ko shi sai ya ɗauki daƙiƙunsa, jirgi kuma yana ta cin ƙasa. Yayin da nauyi ke fita hanci yakan zabura sama, sai matuƙi ya danne shi, in ba haka ba gudun da bai riga ya isa ba ya ƙara raguwa. Mafi muni shi ne a gauraya shawarwarin. Mutum ya janye wuta, ya ga shinge ya taho, ya mayar da wuta. Ko ya fara zubarwa a makare, ya ga ba za ta fisshe shi ba, sannan ya koma birki. Kowace sauyawa tana cin mitocinta, ƙarshenta ba a tashi ba, ba a kuma tsaya ba.

Wani tarkon shi ne jirgin ya ɗaga ɗin. Kusa da ƙasa, a tsayin da bai wuce faɗin fikafikansa ba, jirgi yana samun wani sauƙi, kamar iska ta yi masa matashi. Yana iya shawagi a nan da gudun da ba zai ishe shi hawa ba. Matuƙi ya ji tayoyi sun daina ƙara, ya ɗauka an gama, ya ja sanda don ya haye waya, sai jirgin ya fita daga matashin ya sake zama, wannan karon a cikin gonar da ke bayan fili. Da yawa daga abin da ake rubutawa a matsayin fasa tashi a makare daga nan yake farawa.

Me ke riƙe hannun matuƙi?

Tambayar da ta fi damuna ke nan. Mutum ne ƙwararre, ya san duk abin da na zayyana fiye da ni. Dokar aikin feshi ta Amurka, wadda ake kira Sashe na 137, ta ma sa tashi daga gajeren fili da fili mai laushi a cikin jarrabawar da ake yi masa, da jirgi cike da lodi. To me ya sa hannun ke jinkiri?

Lodin kuɗi ne. Tanki ɗaya na maganin ƙwari ko na ciyawa yana da tsada, kuma idan aka zubar da shi a ƙarshen fili ba asarar kuɗin ce kaɗai ba, ga gurɓata ƙasa da magudana, ga bayanin da za a yi wa mai kamfani da manomi, wataƙila da hukuma. Matuƙa da yawa gwargwadon ekar da suka fesa ake biyan su, kakar aikin kuma 'yan watanni ce. Rage lodi yana nufin ƙarin sawu, ƙarin mai, ƙarin lokaci, ga wayar manoma ba ta daina ƙara ba. Ƙungiyar masu feshi da jirgi ta Amurka, NAAA, ta ce a shekara ana yi wa gonaki eka miliyan 127 aiki ta sama a ƙasar. Wannan aiki mai yawa a kafaɗar mutane 'yan dubbai yake, kuma mafi yawansa a cikin bazara ɗaya ake yin sa.

Sai gajiya. A 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto na musamman bayan ta bi diddigin haɗurra 78 da suka shafi aikin gona da jirgi a 2013. Cikin abubuwan da ta nuna da yatsa akwai gajiyar matuƙa, da rashin tsarin auna haɗari kafin aiki, da sakaci wajen gyaran jirage. Mutumin da ya yini yana shawagi 'yan mitoci daga saman amfanin gona, yana kaucewa wayoyi da turaku, a kwana na goma a jere, ba shi ne mutumin da ya shiga jirgi da asuba a ranar farko ba. Idonsa yana ganin alama, amma saƙon yakan daɗe kafin ya isa hannu. Ga kuma sabo: sawu talatin sun tashi lafiya, zuciya ta riga ta yanke cewa na talatin da ɗaya ma zai tashi.

Rahoton haɗari yakan ƙare da cewa matuƙi ya makara wajen fasawa. Gaskiya ne, amma ban yarda a tsaya a nan ba. Mai kamfanin da bai taɓa buɗe baki ya ce wa matuƙinsa idan ka zubar da lodi ba za a cire a kuɗinka ba, yana da hannu a wannan jinkiri. Manomin da ya bar ciyawar filinsa ta kai gwiwa, ko ya ƙi sayen ɗan ƙyallen nuna iska ya kafa, shi ma haka. Mai lodi da ke tsaye a ƙasa shi ne ya fi kowa damar ganin jirgin yana ƙara nisa kafin ya ɗaga, sawu bayan sawu, kuma ya kamata a ba shi bakin faɗa.

Abin da ke rage yawan gawa a irin wannan haɗari shi ne ƙirar jirgin. A 1950 injiniya Fred Weick ya ƙera wani jirgin gwaji mai suna AG-1 a kwalejin Texas A&M, da tunanin cewa jirgin gona zai faɗi ko ba daɗe ko ba jima, don haka a ƙera shi yadda mutum zai fita da rai. Ya sa inji da tanki a gaba, ya ɗaga kujerar matuƙi ya mayar da ita baya, ya kewaye ta da ƙarafa, ya sa ɗamarar kafaɗa. Daga wannan tunani Pawnee ya fito, kuma kusan duk jiragen feshi na yau a kansa suke. Shi ya sa sau da yawa jirgi yakan yi raga-raga matuƙi ya fito da ƙafarsa. Amma wanda jirgi ya kife da shi a cikin magudana mai ruwa, yana rataye kai ƙasa, mai yana tsiyaya, tankin guba ya fashe a gabansa, yana cikin wani haɗarin sabo. Wasu magungunan ƙwari ta fata suke shiga jiki. Masu fara isowa kuma ba 'yan kwana-kwana ba ne, mai lodi ne da manomi, hannu ba safa.

A sararinmu

Ba a Amurka da Niyu Zilan kaɗai waɗannan jirage ke aiki ba. Shekara da shekaru suna fesa audugar Jazira a Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda Hausawa da yawa ke noma. A 2004, da farin ɗango suka mamaye Muritaniya da Mali da Sanagal da Nijar, jirage ne suka ɗauki babban kaso na yaƙin. A arewacin Najeriya kuma manoman shinkafa da gero da dawa a Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Borno sun san jirgin da ake kawowa idan tsuntsayen jan baki suka sauka.

Zafinmu ya isa a yi masa lissafi na musamman. Sakkwato tana wajen mita 300 daga matakin teku. A ranar da zafi ya kai digiri 42, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu lokacin da shinkafar rani ke nuna, iskar takan tsinke har jirgi ya ji kamar daga tudun Jos yake tashi, ko sama da haka. Aikin jan baki kuma yana da nasa matsi. Ba a fesa su da rana suna warwatse a gonaki, sai da magariba idan sun taru a makwancinsu cikin ciyayin fadama ko itatuwa, kuma lokacin gajere ne kafin duhu ya rufe. Ke nan jirgin zai bar ƙasa ne da yamma, ƙasa tana fitar da zafin da ta sha tun safe, da tanki ɗauke da guba mai ƙarfi irin fenthion. A bayansa ga manoman da 'ya'yansu suka yi makonni suna kaɗa gwangwani a gona tun asuba, ga jami'an da suka zo ganin an yi aiki. Ba ƙaramin mutum ne zai iya cewa a rage lodi, ko a bari sai gobe, a gaban wannan taro ba.

Idan daga babban filin jirgin sama mai kwalta aka tashi, tsawon titi yakan rufa asiri. Idan kuwa makwancin tsuntsayen ya yi nisa har aka ga ya fi sauƙi a share fili kusa da shi, to duk wanda ya sa hannu a kwangilar ya kamata ya tabbatar an taka filin da ƙafa an auna shi, an duba inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, an kori dabbobi, an kafa ƙyallen nuna iska. A rubuta a takarda cewa matuƙi ne ke da ta cewa kan yawan lodi, kuma lodin da ya zubar don ceton jirgi ba a kansa yake ba. A ajiye ruwa da sabulu da safar hannu a bakin fili saboda masu kai ɗauki. Sannan a sami tsohuwar ganga a shafa mata farin fenti, a kafa ta a gefe daidai tsakiyar filin, inda mutumin da ke cikin jirgi zai gan ta da gefen ido ko da ƙura ta tashi.